Jiri da Maganin Hawan Jini: Darasi ga Iyaye Mata da Wakilan Lafiya na Ƙasar Kurfai

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin iyaye mata masu shan maganin hawan jini, masu ciki da masu jego da kakanni masu riƙon jikoki, da kuma wakilan lafiya na gari, waɗanda aka fi sani da rele, a Filinge da ƙauyukan ƙasar Kurfai, cikin jihar Tilaberi. Ana iya karanta shi gaba ɗaya a zaman faɗakarwa ranar awon yara, ana iya kuma ɗaukarsa kashi-kashi a ziyarar gida-gida.

Wani zai ce me ya haɗa shirin abinci mai gina jiki da maganin hawan jini. Abin da ya haɗa su ita ce uwa. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke dama kunun yaro, ita ke ba da nono. Ranar da ta faɗi bakin murhu, ko ɓarin jikinta ya shanye, tukunyar yaro ce farkon wadda za ta huce. Sau da yawa yaron da ya rame, in an bi sawu, a kan tarar uwarsa ce ta fara kwantawa.

Jigon darasin shi ne: jirin da ke zuwa bayan shan magani saƙo ne daga jiki, kuma gidan likita ake kai shi. Wadda ta ajiye magani a ɓoye ta buɗe wa hawan jini ƙofa. Wadda ta daure ta yi shiru tana iya faɗuwa inda faɗuwa ke kisa. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya mai sauƙi, ita ce za mu bi.

1. Hawan jini a taƙaice

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi da wani ƙarfi. In ƙarfin ya yi yawa kuma ya daɗe a haka, shi ne hawan jini, wanda mutane ke kira tansiyo. Ana auna shi da lamba biyu: ta sama, lokacin da zuciya ta matsa, da ta ƙasa, lokacin da ta saki. In awo ya kai 140/90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban, an ce mutum yana da hawan jini. A gidajen likita na Nijar an saba taƙaita lambar, a ce 14/9. Duk abu ɗaya ne: 14/9 shi ne 140/90, 12/8 kuma shi ne 120/80.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa cikin manyan mutane uku a duniya, ɗaya yana da hawan jini. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun kulawar da ta isa. Ciwon ba ya yawan nuna alama. Mace tana iya yin shekaru tana aikinta lafiya lau, alhali yana cin zuciya da ƙoda da idanu, har ranar da zai kawo shanyewar ɓarin jiki. Magani yana riƙe shi ne kamar yadda dabaibayi ke riƙe dabba: in an kwance, sai ta koma inda ta fito. Shi ya sa ake shansa kullum, ko da jiki ya yi daɗi.

2. Me ke kawo jirin?

Jiri, ko hajijiya, ko juwa, shi ne mutum ya ji kansa ya yi sakayau, idanu su yi duhu, kunne ya yi ƙara, ƙafafu su yi sanyi kamar zai faɗi.

Ga yadda abin yake. Lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jini kamar rabin lita ko fiye yana gangarawa zuwa ƙafafu da ciki. Nan take jiki kan tsuke jijiyoyi, zuciya ta ƙara sauri, jini ya koma sama. Maganin hawan jini kuwa aikinsa ke nan ya sassauta jijiyoyi, ko ya rage ruwan jiki ta hanyar fitsari. Saboda haka wannan gyara na nan take yakan yi jinkiri kaɗan. Ku duba famfon gari: ranar da ƙarfin ruwa ya ragu, gidajen da ke kan tudu su ke fara rasa ruwa. A jikin mutum, ƙwaƙwalwa ita ce gidan kan tudu. In jini ya yi jinkirin isa gare ta na ɗan lokaci, sai jiri ya zo.

Jirin magani ya fi zuwa a waɗannan lokuta:

- kwanakin farko na fara magani, ko bayan an ƙara yawansa, ko an haɗa shi da wani;
- tashi daga barci, musamman tashin dare don fitsari;
- miƙewa bayan dogon tsugunno, wajen girki, wanki, tankaɗe ko ban-ɗaki;
- ɗagowa daga ruku'u ko sujada da sauri;
- doguwar tsayuwa cikin rana, a layin famfo, layin rabo ko kasuwa;
- bayan wanka da ruwa mai zafi sosai, ko bayan cin abinci mai nauyi;
- lokacin gudawa, amai ko zazzaɓi.

A ƙasarmu bazara tana ƙara wa abin ƙarfi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, gumi ya kwashe ruwan jiki, jijiyoyin fata su buɗe. Ƙwayar da ta zauna wa mace daidai a lokacin sanyi tana iya yi mata yawa a bazara. Tsofaffi da masu ciwon sukari su suka fi saurin kamuwa.

Ga mutane da yawa, jirin farko yana raguwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, in jiki ya saba. Amma ko mai sauƙi ne, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

3. Magunguna da lokacin shansu

Kowace mace ta san sunan maganinta. In ba ta karatu, ta nemi a nuna mata sunan a jikin kwali, ta kuma adana kwalin.

*Masu sa fitsari.* Su ne irin hidrokolorotiyazid (Esidrex) da furosemid (Lasilix). Da safe ake shansu. Wadda ta sha da dare za ta yi ta tashi fitsari cikin duhu, da magagin barci, kuma nan ne faɗuwa ta fi yawa. In an rubuta furosemid sau biyu, na biyun a sha shi da rana, kada ya wuce la'asar. Wannan rukuni shi ya fi kawo jiri a bazara, da lokacin gudawa, da lokacin azumi.

*Masu buɗe jijiya.* Amlodifin (Amlor) sau ɗaya ake sha a yini, domin yana daɗewa cikin jiki fiye da kwana guda. Ana iya shansa safe ko dare, da abinci ko babu. Yakan kawo kumburin idon sawu ga wasu. Nifedifin (Adalate) mai narkewa sannu a hankali haɗiye shi ake yi ɗungum: ba a tauna shi, ba a daka shi, ba a sa shi ƙarƙashin harshe. In an farfasa shi, ƙarfinsa duka yana fita lokaci guda, jini ya faɗi farat ɗaya.

*Kaftofiril (Lopril) da enalafiril (Renitec) da losatan.* Ƙwayar farko ta wannan rukuni tana iya saukar da jini da ƙarfi, shi ya sa likita kan ce a sha ta farko da dare, ana zaune bakin shimfiɗa. Kaftofiril sau biyu ko uku ake sha a yini, kamar awa ɗaya kafin abinci. Kaftofiril da enalafiril sukan sa busasshen tari. Mai ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikin wannan rukuni, domin suna cutar da ɗan da ke ciki.

*Metildofa (Aldomet).* Shi aka fi ba masu ciki. Sau biyu ko uku ake sha a yini. Yakan sa barci da kasala da jiri a kwanakin farko.

Safe ya fi ko dare? An yi babban bincike a Birtaniya a kan mutum fiye da 21,000, aka raba su biyu, wasu suna sha da safe, wasu da dare, aka bi su kimanin shekara 5. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna babu bambanci tsakaninsu wajen bugun zuciya, shanyewar jiki ko mutuwa. Ma'anar wannan gare mu ita ce: ga magungunan da ake sha sau ɗaya a yini, ban da masu sa fitsari, lokacin da ya fi shi ne wanda mace ba za ta manta ba, kuma wanda jiri ba zai same ta tsakiyar aiki ba. Wadda ke sammako zuwa rijiya ko gona, in jiri yana damunta da hantsi, tana iya roƙon likita ya mayar mata da ƙwayar zuwa dare. In ƙwayoyi biyu take sha tare, yana iya raba su, ɗaya safe ɗaya dare. Shi ne zai yanke, bayan ya auna.

4. Ƙa'idoji shida na shan magani

1. A ɗaure magani da wani abin da ba ya sauyawa. Ba kowa ke da agogo ba, amma kowa yana jin kiran salla. Sau ɗaya a yini: bayan asuba ko bayan lisha. Sau biyu: bayan asuba da bayan magariba. Sau uku: asuba, azahar, da lokacin kwanciya.
2. A sha ana zaune, da cikakken kofin ruwa, a ɗan dakata kafin a tashi.
3. In an manta, a sha da zarar an tuna. In lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda aka manta. Ba a haɗa biyu don ramuwa: wannan ne ke kayar da mutum.
4. Ba a rage ƙwaya, ba a raba ta, ba a tsallake rana don magani ya daɗe. Wasu magunguna, in an daina su kwatsam, jini yakan hau fiye da da.
5. Ba a aro, ba a ba da aro. Maganin kishiya ko na uwar miji yana iya zama guba ga wata, musamman mai ciki.
6. A je karɓo sabo tun saura na mako guda. Damina takan yanke hanya, rashin tsaro ma yakan hana tafiya. Duk wadda tafiya ta kama, ko gudun hijira, ta sa maganinta da kwalinsa da takardar likita cikin kayan da ba ta rabuwa da su. A ajiye magani a inuwa, nesa da murhu, nesa da hannun yara.

5. Lokacin azumi

A je gidan likita tun cikin Sha'aban a tsara lokutan sha. Maganin sau ɗaya yana da sauƙi: a sha da sahur ko bayan shan ruwa. Na sau biyu: ɗaya bayan shan ruwa, ɗaya da sahur. Na sau uku ba ya shiga tsakanin magariba da asuba ba tare da cunkoso ba, saboda haka likita zai duba ko a sauya shi da mai daɗewa. Mai sa fitsari in an sha da sahur yana ƙafar da jiki tun kafin azahar. A tambayi likita yadda za a yi da shi. A yawaita shan ruwa tsakanin magariba da sahur, kaɗan-kaɗan, kuma kada a bar sahur.

In jiri mai tsanani ya zo ana cikin azumi, har mace ta kasa tsayuwa ko ta suma, a ba ta ruwa da zarar ta farfaɗo. Addini ya yi sauƙi ga marar lafiya da mai ciki da mai shayarwa. A tambayi malamai yadda ake ramuwa, a tambayi likita abin da jiki zai iya.

6. Yadda ake kauce wa jiri

*Tashi hawa uku.* Sannu ba ta hana zuwa. In kin farka, ki motsa ƙafafunki kina kwance. Sannan ki zauna bakin shimfiɗa, ki ƙirga zuwa talatin. Sannan ki miƙe kina dafe da bango ko ƙofa, ki tsaya kaɗan kafin ki ɗaga ƙafa. Sai kin ji kanki daidai za ki ɗauki yaro.

*Ruwa.* Ki sha tun kafin ƙishirwa ta kama ki. Ma'auninki shi ne fitsari: in ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. Mai shayarwa ta sha duk lokacin da ta ba da nono. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda ta tsaya kan abin da aka ce mata.

*Abinci.* Kada ki fita aiki da ciki wayam. Ɗumame, kunu ko fura kaɗan da safe sun isa su tare jiri. Ci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika ciki sau ɗaya.

*Tsarin aiki.* Daka, ɗiban ruwa da itace a yi su da sanyin safiya ko da yamma. A bakin rijiya, kada ki tsaya daf da baki in kin ji kanki ba daidai ba, kada kuma ki je ke kaɗai a makon farko na sabon magani. Wajen girki, ki zauna kan kujera maimakon tsugunno, ki ja da baya daga wuta kafin ki miƙe. In kina layi, ki riƙa motsa ƙafafu kina ɗaga diddige.

*Gishiri.* Wasu kan ce a lashi gishiri in jiri ya zo. Wannan yana rushe aikin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya irin su Maggi. Kanwa ma dangin gishiri ce, tana hawar da jini. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tattasai suna ba miya ɗanɗano in an rage gishiri.

*Magungunan kasuwa da na gargajiya.* Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna hawar da jini, suna wahalar da ƙoda. Tiramol yana sa jiri. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa mata wasunsu suna hawar da jini, wasu suna sa barci da jiri. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, saboda haka yawan shansa a kan magani yana iya ƙara jiri. Duk abin da kike sha, jiƙo ko ƙwaya, ki faɗa wa likita ba tare da kunya ba.

7. In jiri ya zo

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki zauna nan take, ko a ƙasa ne. In da goyo, ki zauna tukuna, sannan a kwance miki shi. In jirin bai wuce ba, ki kwanta ki ɗora ƙafafu kan turmi da aka kwantar, ko buhu, ko matashi. Mai tsohon ciki ta kwanta ta gefen hagu, domin kwanciyar rigingine tana sa nauyin ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ki sha ruwa, ki huta a inuwa.

In mace ta suma, a kwantar da ita ta gefe, a sassauta mata ɗaurin zane, a yi mata fifita. Kada a ɗura mata ruwa ko fura tana sume, zai iya shiga huhu. Ko ta farfaɗo, a kai ta gidan likita ranar, kafin ta sha ƙwaya ta gaba.

8. Ba kowane jiri ne na magani ba

Kafin a ɗora wa magani laifi, a duba waɗannan:

- Ƙarancin jini. Alamominsa: farin tafin hannu da cikin ido, haki, bugun zuciya, kasala. Ya yi yawa ga masu ciki da masu haihuwa kusa-kusa. Mace ɗaya tana iya samun hawan jini da ƙarancin jini tare, domin hawan jini ƙarfin turawa ne, ba yawan jini ba. Mai hawan jini kada ta bar ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki don tsoron jininta zai ƙara hawa. Ta ci wake, zogale, yakuwa, miyar kuka, gyaɗa, da hanta ko nama ko kifi in sun samu. Shayi yana hana jiki cin amfanin sinadarin ƙarfe, a nisanta shi da lokacin abinci.
- Yunwa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma noma ya yi tsanani, uwa ce ke fara rage cinta don yara. Rabon da shirin ya ba mai ciki ko mai shayarwa nata ne, ita ya kamata ta ci.
- Zazzaɓin sauro, musamman a damina da kaka. A yi gwaji.
- Gudawa da amai. A dama ƙunshi ɗaya na gishirin gudawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa sha. Mai shan maganin fitsari ko dangin kaftofiril ta je gidan likita ranar, domin wataƙila a dakatar mata da shi na kwana ɗaya ko biyu.
- Zubar jini, bayan haihuwa ko ɓari.
- Hawan jinin kansa, in ya yi tsanani.

Awo kaɗai ke raba waɗannan. Ba a gane hawa ko saukar jini da ido.

9. Masu ciki da masu jego

Hawan jinin da ke bayyana bayan mako 20 na ciki, wato daga wata na biyar, yana iya kaiwa ga jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Saboda haka mai ciki ba ta ajiye maganinta don jiri, ko na yini ɗaya, sai da izinin ungozomar asibiti. Awon ciki yana cikin ayyukan da gwamnatin Nijar ta mayar kyauta tun 2006, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau 8. Kowane zuwa a auna jini. Mai shan maganin hawan jini da ta ga batan wata ta je a duba maganinta nan da nan. Mai hawan jini ta haihu a asibiti.

Haihuwa ba ta rufe maganar. Jini yakan ƙara hawa tsakanin kwana na 3 da na 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ke shirin suna, kuma jijjiga tana iya zuwa har cikin arba'in. A auna mai jego a makon farko. Sau da yawa likita kan sauya magani bayan haihuwa. Akwai magunguna da dama da suka dace da shayarwa, irin su nifedifin da enalafiril, don haka ba a yaye jariri saboda magani, ba a kuma barin magani saboda nono.

Kakanni su kula da abu biyu. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi yana buɗe jijiyoyi, mai shan magani tana iya suma a makewayi. A surka ruwan ya zama ɗumi, ta yi wanka a zaune, wata tana kusa. Na biyu, kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙa tsakanin yawan shan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai hawan jini a dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya.

10. Alamomin haɗari: a tafi nan take, dare ko rana

- suma, ko faɗuwa da buguwar kai;
- karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana;
- ciwon ƙirji, ko haki ana zaune;
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido;
- ga mai ciki ko mai jego: kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, jijjiga, zubar jini, ko ɗa ya daina motsi;
- kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro bayan shan magani;
- awo ya kai 16/11 ga mai ciki ko mai jego, ko 18/11 ga kowa, ko ya sauka ƙasa da 9/6 tare da jiri.

A fara da asibitin CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsa, za a tura babban asibitin Filinge, daga nan kuma Yamai, mai nisan kilomita kusan 180, inda asibitin haihuwa na Issaka Gazobi yake. Tafiyar tana da tsawo, don haka kowane gida mai mai ciki ya san tun da wuri amalanken wa ko motar wa za a nema, da kuɗin da aka tanada. Maigida ya bar izini tun kafin ya yi tafiya, kada a tsaya jiran waya.

11. Aikin rele

Rele ba ya rubuta magani, ba ya ragewa, ba ya sauya lokaci. Aikinsa ya gano, ya faɗakar, ya tura, ya bi sawu. Daga Shikal zuwa Bonkuku da Damana, shi ne idon majo a cikin gari.

A kowace ziyara a nemi ganin kwalin magani, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage. In sun fi yadda ya kamata, ana tsallakewa. In sun gaza, ana wuce ƙa'ida ko ana rabawa da wani. A tambayi lokacin da jiri ke zuwa, me ake yi sa'ad da ya zo, awa nawa bayan shan magani, ko an taɓa faɗuwa. A rubuta amsoshin a kai wa majo, domin da su zai san gyaran da zai yi.

Inda rele ke da na'urar awo kuma an koya masa: mace ta kwanta minti 5, a auna, ta miƙe, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3, ana tsaye kusa da ita. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, misali daga 140 zuwa 115, a tura ta gidan likita ranar.

Harshe mai daɗi shi ke fito da gaskiya. Wadda aka yi wa faɗa za ta ce tana sha, alhali magani yana ƙarƙashin tabarma. Ga misalin zance:

*Rele:* Sannu da gida, Inna. Ya ƙarfin jiki? Ya kuke ji da maganin nan?

*Uwa:* Ɗiyata, ba zan ɓoye miki ba, kwana huɗu ke nan ban sha ba. In na sha, ƙasa juyawa take yi da ni.

*Rele:* Kun kyauta da kuka faɗa mini, Inna. Ba ku kaɗai ba ne, kuma abin yana da gyara. Wane lokaci ya fi zo muku?

*Uwa:* Da hantsi, in na tashi daga tankaɗe.

*Rele:* To, ku ɗauko kwalin mu je wurin majo yau, ya auna ku zaune da tsaye. Wataƙila lokacin sha zai sauya, wataƙila ƙwayar. Amma zama babu magani, shi ne abin tsoro.

Bayan an yi gyara, a koma gidan cikin kwana uku, a sake komawa bayan mako biyu.

12. Tambayoyin bita

1. Me ya sa jiri ya fi zuwa lokacin miƙewa tsaye?
2. Wane rukunin magani ne ba a sha da dare, kuma don me?
3. Mace ta manta ƙwayar safe, ta tuna gab da lokacin ta dare. Me za ta yi?
4. Mai ciki wata bakwai tana jiri, kanta yana ciwo, fuskarta ta kumbura. Me rele zai yi?
5. Ku faɗi abubuwa uku, ban da magani, da ke kawo jiri.
6. Wata daga cikin mahalarta ta nuna tashi hawa uku, sauran su gyara mata.

Abin riƙewa

Ki sha maganinki kullum a lokaci ɗaya. Ki tashi sannu, ki sha ruwa, kada ki fita da yunwa. In jiri ya zo, ki zauna. In ya maimaita, ki faɗa wa rele. In ya zo da alamar haɗari, ki tafi asibiti ba da jinkiri ba. A darasi na gaba za a kawo kwalayen magani zuwa wurin zama, domin kowace uwa ta koyi gane nata da lokacin shansa. Allah ya ƙara mana lafiya.